Magungunan Benzodiazepine: Yadda Suke Taka wa Ƙwaƙwalwa Birki da Cututtukan da Ake Ba da Su

Diazepam, lorazepam, clonazepam, alprazolam, midazolam, bromazepam, nitrazepam. Wanda ya saba duba kwalin maganin barci ko na fargaba zai lura yawancin sunayen nan da "pam" ko "lam" suke ƙarewa. 'Yan gida ɗaya ne, sunan gidan benzodiazepine, ma'aikatan lafiya kan taƙaita su ce benzo. Allurar da ke tsayar da jijjigar yaro cikin 'yan mintuna daga wannan gida ta fito, haka ma ƙwayar da wani ya shekara biyar yana sha ya kasa bari. Sinadarin iri ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka ana ba jiki maganin.

A 1955 Leo Sternbach, masanin harhaɗa sinadarai a kamfanin Hoffmann-La Roche da ke New Jersey a Amurka, ya haɗa wani sinadari ya ajiye ba a gwada ba. Sai a 1957 aka gwada shi a kan dabbobi, aka tarar yana kwantar da su yana sassauta musu tsoka. Shi ne chlordiazepoxide, wanda ya shiga kasuwa a 1960 da sunan Librium. Diazepam ya biyo baya a 1963 da sunan Valium. Likitoci sun karɓe su hannu bibbiyu, domin kafin zuwansu dangin barbiturate ake ba marasa barci, su kuwa tazarar da ke tsakanin adadin da ke sa barci da adadin da ke kisa ba ta da faɗi. Takamaiman gurbin da benzo ke sauka a ƙwaƙwalwa ba a gano shi ba sai a 1977.

Birki da totur

Ƙwayoyin jijiya da ke cikin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar sinadarai. Wasu sinadaran totur ne, suna zaburar da ƙwayar da ke gaba ta harba nata saƙon; babba a cikinsu shi ne gulutamet. Wasu kuma birki ne, babbansu GABA. Lafiyar tunani, barci da motsi duk a kan daidaiton waɗannan biyu suke. Idan totur ya rinjayi birki kaɗan, sai a ga rashin natsuwa da rashin barci. Idan ya rinjaye shi ƙwarai, sai jijjiga.

GABA ba ya aiki sai ya sauka a kan makarɓarsa, wadda ake kira GABA-A. Makarɓar zobe ce ta sassan furotin biyar da suka kewaye wata 'yar ƙofa a fatar ƙwayar jijiya. Wadda ta fi yawa tana da sashen alfa biyu, beta biyu, gama ɗaya. GABA na zama tsakanin alfa da beta, ƙofar ta buɗe, sinadarin kulorayid ya kwarara ciki ya sauke cajin lantarkin ƙwayar, sai ta yi nauyin tashi.

Shi benzo gurbinsa daban, tsakanin alfa da gama. Kuma ga abin da ya kamata a riƙe: ba ya buɗe ƙofar da kansa. Yana jira ne GABA ya zo, sannan ya sa ƙofar ta riƙa buɗewa akai-akai fiye da yadda ta saba. Wato ƙarfin birkin da jiki ya riga ya taka yake ƙarawa. Barbiturate kuwa tsawaita lokacin buɗewar yake yi, idan ya yi yawa ma sai ya bankaɗe ƙofar ko babu GABA. Shi ya sa aikin benzo yake da iyakar da da wuya ya wuce, kuma shi ya sa baligi mai lafiya da ya sha benzo da yawa shi kaɗai yakan yi dogon barci ya farka. Wannan iyaka tana rushewa da zarar an haɗa shi da barasa ko dangin opioid, wato magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin morphine da tramadol; za mu dawo kan wannan.

Saboda makarɓun nan sun bazu ko'ina a ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, kowane benzo yana yin abubuwa biyar: rage fargaba, kawo barci, tsayar da jijjiga, sassauta tsoka, da hana ƙwaƙwalwa adana abin da ya faru bayan an sha. Sashen alfa iri-iri ne, kuma binciken da aka yi a kan ɓeraye ya nuna makarɓun da ke da alfa-1 su ne suka fi kawo barci da mantuwa, masu alfa-2 kuma suka fi rage fargaba. Benzo ba ya tantancewa, duk yake taɓawa. Don haka wanda aka ba don fargaba zai sami gyangyaɗi da tangaɗi a matsayin gyara, ko yana so ko ba ya so.

Abubuwa biyu ne ba ya yi, kuma ana yawan zaton yana yi. Ba ya kashe zafin ciwo. Ba ya warkar da ciwon damuwa.

Me ya bambanta wannan da wancan

Tunda aikinsu a ƙwaƙwalwa kusan ɗaya ne, likita na zaɓe ne bisa tambayoyi uku: yaya saurin kamawarsa, yaya daɗewarsa a jiki, kuma ta wace hanya hanta ke sarrafa shi.

Ana auna daɗewa da abin da ake kira rabin wa'adi, wato lokacin da jiki ke ɗauka kafin ya rage rabin maganin da ke cikin jini. Na midazolam wajen awa 2 zuwa 3 ne. Na alprazolam wajen awa 11 ne, na lorazepam awa 10 zuwa 20, na clonazepam kuma yakan kai awa 30 zuwa 40. Diazepam ya fi su rikitarwa: shi kansa yana ɗaukar awa 20 zuwa 50, sannan hanta ta mayar da shi wani sinadarin mai aiki, desmethyldiazepam, wanda ke iya kai wa awa 100 ko fiye. Shekaru ma suna da tasiri. Rabin wa'adin diazepam a jikin ɗan shekara 20 wajen awa 20 ne, a jikin ɗan shekara 80 kuwa yana kusantar awa 90. Sai a ga dattijo yana shan ƙwaya ɗaya kowane dare, ta jiya ba ta fita ba ta yau ta hau kanta. Bayan mako biyu ya fara ruɗewa, yana faɗuwa, iyali su ɗauka tsufa ne ya taso, alhali maganin ne ya taru.

Lorazepam, oxazepam da temazepam hanta na sarrafa su ta hanya mai sauƙi, ba sa barin wani sinadari mai aiki a baya, shi ya sa aka fi zaɓarsu ga mai ciwon hanta. Midazolam, alprazolam da triazolam kuwa sun dogara ne da wani enzayim na hanta, wato sinadarin da ke sarrafa magani, mai suna CYP3A4. Duk abin da ya toshe wannan enzayim, irin su magungunan ketoconazole, itraconazole, clarithromycin da ritonavir, ko ruwan garehul, na iya sa maganin ya ƙaru a jini. Rifampicin na tarin fuka akasin haka yake yi, yana sa hanta ta cinye maganin da sauri har ya zama kamar ba a sha ba.

Kada kuma ƙanƙantar lamba ta yaudari mutum. A kimantawar da aka saba amfani da ita, miligiram 0.5 na alprazolam ko na clonazepam, ko miligiram 1 na lorazepam, sun yi daidai da kimanin miligiram 10 na diazepam.

Inda babu kamarsa

Jijjigar da ta ƙi tsayawa ita ce fagen da benzo ya fi nuna amfaninsa. Yawancin jijjiga na lafawa da kanta cikin minti biyu zuwa uku. Wadda ta kai minti 5 da wuya ta tsaya da kanta, kuma a nan ne ake ba da magani. Kafin nan a kwantar da mutum ta gefe, a kau da abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa komai a baki, a duba agogo, a asibiti kuma a auna sukarin jini, domin faɗuwar sukari na kawo jijjigar da benzo ba zai magance tushenta ba.

Ma'aikacin lafiya na da zaɓi uku. Lorazepam ta jijiyar jini, miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin jiki, kada ya wuce miligiram 4 a lokaci guda. Ko midazolam ta tsoka, miligiram 10 ga wanda ya haura kilo 40, miligiram 5 ga mai kilo 13 zuwa 40. Ana kuma ba da shi ta cikin kunci ko ta hanci. Ko diazepam ta jijiya, miligiram 0.15 zuwa 0.2 ga kowane kilo, iyakarsa miligiram 10, a tura a hankali. Idan ba a sami jijiya ba a ba da shi ta dubura. Idan jijjigar ba ta tsaya ba bayan minti 5 zuwa 10, a maimaita sau ɗaya. Daga nan kuma sai a koma wani maganin, irin levetiracetam, phenytoin, valproate ko phenobarbital, ba a ci gaba da tula benzo ba.

Kurakurai uku ne suka fi yawa a nan. Na farko jinkiri. Idan jijjiga ta daɗe, ƙwayoyin jijiya kan janye makarɓun GABA-A zuwa cikinsu, sai benzo ya zo ya tarar da wurin saukarsa ya ragu. Allurar da za ta yi aiki a minti na biyar ba lallai ta yi a minti na talatin ba. Na biyu rage adadin magani don tsoron kada numfashi ya tsaya, alhali jijjigar da ba a tsayar ba ita ma tana danne numfashi. Abin yi shi ne a ba da cikakken adadi, a kuma tanadi iskar oksijin da abin taimakon numfashi a kusa. Na uku yi wa mai jijjiga allurar diazepam ta tsoka. Diazepam ba ya tsotsuwa da kyau daga tsoka, yana makara, kuma ba a iya sanin nawa ne ya shiga jini. Ko ta jijiya ma, yana shiga ƙwaƙwalwa da sauri ya fice zuwa kitsen jiki da sauri, don haka kariyarsa kan ƙare cikin minti 20 zuwa 30 duk da dogon rabin wa'adinsa, jijjigar ta dawo. Kariyar lorazepam kan kai awanni, sai dai allurarsa na buƙatar firji.

Jijjiga ɗaya ce aka cire daga wannan tsari: ta mai juna biyu da hawan jini ya jawo. Wani babban bincike na ƙasashe da yawa da aka wallafa a 1995 ya tabbatar magnesium sulfate ya fi diazepam hana ta dawowa, kuma shi ne maganin farko har yau.

Fage na biyu shi ne wanda ya daɗe yana shan barasa ya daina kwatsam. Barasa ma birkin GABA take ƙarfafawa tana danne gulutamet, ƙwaƙwalwa kuma ta riga ta gyara kanta bisa haka. Idan an janye ta, totur ya rage shi kaɗai: rawar jiki, gumi, jijjiga cikin awa 6 zuwa 48, sannan mummunan ruɗewa da gane-gane a kwana na biyu zuwa na huɗu, wanda ke iya kisa. Ana ba da chlordiazepoxide ko diazepam su maye gurbin barasar, a rage su cikin kwana biyar zuwa bakwai, tare da bitamin B1.

Sauran a taƙaice: diazepam na sassauta mummunar sandarewar tsoka ta cutar tetanus, yana kuma cikin maganin jijjigar da gubar feshin ƙwari ke jawowa, tare da atropine. Midazolam ake bayarwa kafin tiyata ko kafin a zura kyamara cikin hanji, inda mantuwarsa ta zama alheri. Amma tunda ba ya kashe zafi, dole a haɗa da maganin ciwo. Lorazepam miligiram 1 zuwa 2 kan sake mai catatonia, wato mai taɓin hankalin da ya ƙame ba magana ba motsi, wani lokaci cikin ƙasa da awa guda. Clobazam da clonazepam na cikin magungunan wasu nau'o'in farfaɗiya.

Fargaba da rashin barci

Don waɗannan biyu aka fi rubuta benzo, kuma a nan ne ya fi jawo matsala. Yana aiki, babu musu: cikin rabin awa zuwa awa guda bugun zuciya ya lafa, ƙirji ya sake. Wannan saurin ne tarkon. Magungunan da aka fi so a fara da su don fargaba mai daɗewa, irin sertraline da escitalopram, sai sun yi mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, don haka wanda ya ɗanɗana benzo yakan raina su. Sai dai benzo rufe alamomin yake yi. Mutum ba ya koyon cewa faɗuwar gaban za ta wuce da kanta, sai ya koyi cewa ƙwaya ce ta cece shi, gobe kuma ya kasa fita sai da ita a aljihu. Ga wanda firgicin wani mummunan abu da ya same shi ya ƙi sakinsa, ƙa'idojin jinya sun hana ba shi benzo.

A barci ma haka. Yana sa barci ya zo da wuri, amma yana rage zurfin barcin da jiki ke hutawa a cikinsa, kuma cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙarfinsa ya fara dusashewa. Daren da aka bari kuwa rashin barcin ya fi na da, sai mutum ya ɗauka ciwonsa ne ya tsananta. Tun 1988 kwamitin kula da amincin magunguna na Birtaniya ya ba da shawarar kada a wuce mako 2 zuwa 4, kuma ga fargaba ko rashin barci mai tsanani kaɗai. Wannan ma'auni mai kyau ne, kuma ya dace likita ya faɗa wa majinyaci ranar dainawa tun ranar farawa. Zolpidem da zopiclone, da ake tallatawa a matsayin madadi, a gurbi ɗaya suke sauka, matsalolinsu ma kusan ɗaya ne.

Sabon jiki da yadda ake janyewa

Ƙwaƙwalwar da aka daɗe ana taka wa birki takan kare kanta: makarɓun su rage jin maganin, ɓangaren totur ya ƙara ƙarfi. Wannan shi ne sabon jiki, kuma yana iya samun wanda bai taɓa wuce abin da likita ya rubuta masa ba, bayan 'yan makonni na shan kullum. Ya sha bamban da jaraba, inda mutum ke ƙara adadi, yana ɓoyewa, yana nema ko ta halin ƙaƙa. Haɗa su wuri ɗaya zalunci ne ga majinyaci, kuma yakan sa a yanke masa magani rana ɗaya, wanda shi ne abu mafi haɗari. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta a rubuta gargaɗi mafi girma kan wannan a jikin kowane benzo.

Alamomin janyewa sun haɗa da fargaba mai tsanani, rashin barci, rawar hannu, gumi, ciwon tsoka, ƙarar kunne, jin haske da sauti sun yi yawa, a mafi muni kuma ruɗewa da jijjiga. Ga masu gajeren wa'adi suna bayyana cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ga diazepam kuwa suna iya jinkirta mako guda. Mai shan alprazolam ma yakan ji su tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ya zaci fargabarsa ce ke dawowa.

Ragewa ake yi sannu-sannu, ƙarƙashin kulawar likita, kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 duk bayan mako 2 zuwa 4. Lissafin kuma daga adadin da ake kai yanzu ake yinsa, ba daga na farko ba. Mai shan miligiram 20 na diazepam idan ya rage 2 ya cire kashi 10; idan ya sauko miligiram 5 ya cire 1, kashi 20 ya cire. Shi ya sa ƙarshen tafiyar ya fi wuya, kuma a nan ake bukatar rabin ƙwaya ko maganin ruwa. Wasu likitocin kan mayar da mai shan gajeren wa'adi kan diazepam tukuna, domin yawansa a jini ba ya hawa da sauka. Idan alamomi suka yi tsanani a tsaya a matakin da ake har su lafa. Wanda ya shekara da shekaru yana sha zai iya ɗaukar watanni da yawa, wani ma fiye da shekara.

Haɗin da ke kisa

Dangin opioid, irin morphine, codeine, tramadol da methadone, suna danne cibiyar numfashi ta tasu hanyar. Benzo kuma ya sassauta tsokar maƙogwaro ya hana mutum farkawa lokacin da iska ta yi masa ƙaranci. Mafi yawan mace-macen da ake samun benzo a cikinsu haɗi ne da opioid ko barasa, kuma tun 2016 hukumar nan ta Amurka ta sa gargaɗi na musamman a kan haɗin. Pregabalin da gabapentin na ciwon jijiya, da magungunan mura masu sa barci, suna ƙara nauyin. Ƙwayoyin jabu kuma, waɗanda ake bugawa da kamannin Xanax (sunan kasuwa na alprazolam) ko Valium, sau da yawa wani sinadarin ne a ciki, irin etizolam ko bromazolam, wani lokaci har da opioid mai ƙarfi.

Masu shekara 65 zuwa sama an fi so su kauce masa saboda faɗuwa, karayar ƙugu da ruɗewa. Haka masu ɗaukewar numfashi a barci, masu ciwon huhu mai tsanani, masu cutar raunin tsoka ta myasthenia gravis, da masu ciwon hantar da ya yi nisa. Idan mai ciki ta sha a watannin ƙarshe, jariri na iya zuwa da sanyin jiki da raunin tsotso, ko alamomin janyewa. Amma ita ma ba a yanke mata kwatsam. Wasu ƙalilan, musamman yara da tsofaffi, maimakon natsuwa sai maganin ya birkita su da faɗa da tashin hankali. Tuƙi da aiki da inji ba su dace ba, har da safiyar da ta biyo bayan shan na dare.

Wanda aka tarar ba ya farkawa, yana wani irin minshari, numfashinsa ya yi ƙasa ko leɓɓansa sun sauya launi, ba a barinsa wai ya yi barci ya wartsake. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti da kwalin abin da ya sha. Naloxone, makarin opioid, ba ya karya benzo, amma ana ba da shi idan ana zargin akwai opioid a ciki. Makarin benzo shi ne flumazenil, wanda ke zama a gurbinsa ya ture shi, ana farawa da miligiram 0.2 ta jijiya. Likitoci ba sa gaggawar amfani da shi. Rabin wa'adinsa wajen awa ɗaya ne, don haka majinyaci na iya farkawa ya sake nutsewa. Ga wanda jikinsa ya saba da benzo, ko mai farfaɗiya, ko wanda ya haɗa da amitriptyline na ciwon damuwa, yana iya tayar da jijjiga a daidai lokacin da ya toshe gurbin maganin da za a tsayar da ita da shi. Ya fi dacewa da wanda midazolam ya yi wa yawa a ɗakin tiyata kuma aka san bai saba sha ba. Ga sauran, kula da hanyar iska da taimakon numfashi ake yi har maganin ya fita daga jiki.